Takarda Na Rawa Babu Mai Kiɗa

Yanzu tsufa ya fara yi mini sata. Nakan birkice gida ina neman tabarau alhali yana bisa hancina, nakan kira jika da sunan uwarsa. Amma akwai wani yammaci guda a Mubi wanda na tabbata, ko me tsufa zai kwashe, wannan kam zai bar mini shi har kabari. Shi ne yammacin da wata tsohuwa ta tona mini asiri a kunnen gari duka, ni kuwa har gobe addu'a nake yi mata.

Abin ya faru 'yan shekaru bayan ƙuri'ar nan da muka jefa muka zaɓi zama a Nijeriya, lokacin da Mubi ta fara cika da sababbin ma'aikata da ofisoshi. Cikin sababbin abubuwan har da ɗan gidan rediyo na gari. Kada ku ɗauka wani katafaren gini ne. Ɗaki biyu ne da injin wuta a baya, sai waya da aka ja bisa turaku zuwa akwatunan da aka kafa a kasuwa da tasha da gidajen mutane. Yawancin yini shirye-shiryen Kaduna muke miƙa wa jama'a, amma da la'asar akwai ɗan lokaci namu na kanmu. Na'urar ɗaukar magana guda ɗaya muke da ita, ta lalace aka kai ta gyara, kuma ban sake ganinta ba. Saboda haka duk abin da ya fita daga bakinka ya tafi ke nan, a take mutane za su ji shi.

Ni kuwa a lokacin malamar firamare ce, 'yar mutanen duwatsun Michika amma girman unguwar Yelwa. Kuma Allah ya yi ni da baki. Mahaifiyata takan ce ko ɗinke shi aka yi sai ya sami kafar da zai ɓullo. A coci ni ce mai ba da waƙa, a biki ni ce mai tsokana, a aji kuwa ana jin muryata daga bakin titi. Da na ji ana neman mace a gidan rediyo ban yi shawara da kowa ba, na je na tsaya gaban manaja na ce ga ni, har da shirin da na zo da shi a kaina. Na ce masa kowa yana jin waƙa, amma ba wanda ya taɓa zaunar da mai waƙa ya tambaye shi yadda yake yin ta, daga ina take zuwa, me yake fara kamawa. Manajan dogon mutum ne mai haƙuri, kullum a kan kekensa. Ya saurare ni har na gaji don kaina, sannan ya ce to, a gwada.

Na yi sallama da makaranta da fahariya. Yara suka yi mini waƙar ban kwana, hedimasta ya yi jawabi, iyayen yara suka haɗa mini kaza da ƙwaryar gyaɗa. Na ce musu su kasa kunne, za su ji ni a akwati.

Ba su ji ni ba. Ranar farko na shiga ɗakin magana, wanda aka lulluɓe bangonsa da barguna don kada ƙara ta shiga, na cire takalmi kamar yadda doka ta ce, na zauna gaban makirfo da takardata a hannu. Mai inji yana can bayan gilashi. Ya ɗaga yatsa, jar fitila ta kama. Jama'a, sai na nemi muryata na rasa. Harshe ya manne, hannuna kuwa ya shiga kakkarwa har takardar tana ƙara, kacau-kacau, ita kaɗai ake ji a akwatunan gari. Mai inji ya yi maza ya ɗora faifan garmaho. Mako na biyu na ɗan yi ci gaba, na samu na ce "Jama'a barkanku da yamma", sannan na sake cewa "Jama'a barkanku da yamma", daga nan kuma sai Allah. Baƙona na ranar, wani mai garaya da ya taso tun daga ƙauye, ya zauna yana kallona, da ya ga faifai ya tashi ya saɓa garayarsa ya fita.

Ba ƙarfen nake tsoro ba. A aji ina ganin fuskokin yara, in na faɗi abu na san inda ya sauka. A nan kuwa ba kowa sai ƙarfe mai huji-huji, amma a bayansa ina hango kasuwa duka, da abokan babana a gindin bishiya, da 'yan tasha masu jiran mutum ya yi tuntuɓen harshe su mai da shi abin dariyar shekara. Babban abin da nake gudu shi ne a gane ina jin tsoro. Ni da aka sani da baki! Da mutane suka tambaye ni sai na ce ai inji ne yake ba da matsala.

Manaja ya kira ni ofis. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Malama, akwatin nan ba a yi wa mutane shiru a cikinsa. Zan ba ki sau ɗaya kuma. In bai yiwu ba, lokacin ya koma na faifai, ke kuma in rubuta wa hedimasta ya karɓe ki."

Ku duba mini wannan. In koma in tsaya gaban yaran da suka yi mini waƙar ban kwana, in gaisa da iyayen da na riga na cinye kazarsu. Na fito daga ofishin idona cike da hawaye.

Ƙarshen makon na gudu Mayo Bani wurin wata gwaggona, don in huta da tambayoyin mutanen Yelwa. Da safe ina kwance sai na ji gurzar dutsen niƙa daga gidan maƙwabta, da wata murya mai ɗan kaushi tana tafiya tare da shi, mata kuma suna amsawa suna shewa. Na leƙa ta kan danga. Wata 'yar tsohuwa ce ƙanƙanuwa, a durƙushe, tana niƙa dawa tana waƙa, tana shiga Fulatanci ta fita ta faɗa Hausa ta koma yarensu. Gwaggo ta ce ai wannan duk waƙar da kika ji a bakin matan yankin nan, ta biki ko ta suna ko ta habaici, in kin bi sawunta a gidan nan za ki tsaya. A take take ƙaga su. Ranar ma wata akuyar maƙwabci da ta ci mata wake take yi wa, kuma kowa ya san ba akuyar ake nufi ba.

Kowa Dada yake ce mata, ni ma na bi sahu. Na durƙusa na gaishe ta na faɗi abin da ke tafe da ni. Ta dube ni sama da ƙasa. Hausarta irin tamu ce ta Mubi, ba ruwanta da ke ko kai.

"Kai yarinya, wannan akwati da yake magana a kasuwa, ni zan shiga ciki?"

Na ce a'a Dada, ɗaki ne, za ki zauna a kujera ki yi waƙa kawai, in yi miki 'yan tambayoyi. Sai da gwaggo ta sa baki kafin ta yarda. Na yi ta ja mata kunne ta sa zanenta mai kyau, don wurin manya za mu. Na koma gida ina murna, a raina ina cewa wannan bakin nata zai rufe nawa, ko na yi shiru ita za ta cika lokacin.

Ranar shiri motar ofis ta ɗauko ta da azahar. Ta sauko cikin sabon zane na kanti, da ɗankwali, har da 'yan awarwaro. Manaja ya gaishe ta, sannan ya ce mini shi kasuwa zai tafi ya tsaya ƙarƙashin babban akwati, don ya ji da kunnensa kamar kowa. Ya hau kekensa ya tafi.

Na shigar da Dada ɗakin magana don mu gwada. Ta cire takalmi, ta ɗosana a bakin kujera, ta dubi barguna, ta dubi gilashi, ta dubi makirfo. Na ce, "To Dada, ɗan yi mana ta akuyar nan mu ji."

Shiru.

"Dada, ko wadda kika ga dama."

Ta ce, "Babu."

"Babu me?"

"Waƙa babu. Ya tafi."

Na lallashe ta, na rera mata farkon waƙar da kaina, na kawo mata ruwa, na kawo goro. Ko tari ba ta yi ba. Matar da na ji ana jin muryarta daga bakin rafi ta zama kurma a kaina. Mai inji ya leƙo ya nuna mini agogo, ya ɗaga faifai ya girgiza shi, wato ga magani a shirye. Na tsaya na dafa bango, na ce shi ke nan, ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Har na fara tunanin da wace fuska zan shiga makaranta ranar Litinin.

Ina cikin haka idona ya sauka kan hannuwanta. Ta ɗora su a cinya, a dunƙule, suna tafiya gaba suna dawowa, gaba suna dawowa, ita ba ta ma sani ba. Na ce, "Dada, me kike nema?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta. "Ina dutse? Kai ka taɓa ganin mutum ya zauna a kujera kamar alƙali ya yi waƙa? Ni ban san waƙa ba. In ina niƙa yana zuwa."

Ban tsaya jin ƙarshe ba. A bayan gidan rediyon akwai ɗakin maigadi da iyalinsa, kuma na sha ganin matarsa tana niƙa. Na ruga ba takalmi. Na ce mata aron dutse nake so, uwa da ɗa, da ƙwaryar dawa, yanzu-yanzu. Ta riƙe haɓa. Maigadi ya zaci gobara ce. Muka mirgina uwar dutsen bisa buhu, shi gefe ni gefe, muna nishi, matarsa na biye da ɗan dutsen da dawa da faifan tare gari.

A bakin ƙofa muka ci karo da mai inji. Shi mutum ne da ya yi kwas a Kaduna, kuma ɗakin nan ya fi son sa da ɗakin matarsa. Ko tari za ka yi sai ka nemi izini. Ya baje hannuwa ya tare hanya.

"Malama, kanki ɗaya kuwa? Ɗakin da ake cire takalmi don kada a ji taku, shi za ki kai wa dutsen niƙa? Gari ya shiga makirfo fa? Kin san daga inda aka kawo shi?"

Nan bakina na gado ya dawo. Na ce, "Malam, mako biyu kana jin shiru a ɗakin nan, bai ishe ka ba? Yau ko ƙara ce sai an ji. In an kore ni, ni aka kora. Matsa mini ko in sauke maka shi a ƙafa."

Ya dubi dutsen, ya dubi ƙafarsa, ya matsa. Yana ta ƙunƙuni yana cewa in manaja ya tambaya, shi ba hannunsa. Amma Allah ya saka masa, da ya ga abin da gaske ne sai ya shigo ya ture teburin gefe, ya sauko da makirfo ya ɗora bisa 'yar kujera ta tsugunno, ya naɗe masa hankicinsa saboda gari, ya gwada nisan da tafin hannu. Dada kuwa tuni ta cire awarwaro, ta tuɓe ɗankwali ta ɗaure ƙugu da shi, ta durƙusa bayan dutse. Ta shafa shi da hannu ta ce wannan bai sha sassaƙa ba, amma zai yi. Ni ma dole na durƙusa a gabanta, tunda makirfo ya koma ƙasa, da takardata a hannu.

Mai inji ya koma bayan gilashi. Ya ɗaga yatsa. Jar fitila ta kama.

Kuna tsammani na yi magana? Ina! Duk wannan tsiwar da na gama zubawa a bakin ƙofa ta bi iska. Abin nan ya sake shaƙe ni. Na ga kasuwa, na ga manaja tsaye da kekensa, na ga yaran ajina. Takarda ta fara sana'arta, kacau-kacau. Ta gefen ido na hango hannun mai inji yana tafiya wajen faifai.

Sai Dada ta ɗebi dawa ta zuba, ta danna dutse. Gurrr, gurrr. Ta yi kamar sau uku tana kallona cikin ido, sannan ta ɗaga murya:

"Malama ta kira ni birni,
Ta ce Dada zo ki yi waƙa,
Na zo na tarar da abin mamaki,
Takarda na rawa babu mai kiɗa.
Dutse, kai ka gani."

Na daskare. Ni take yi wa! A akwati! Ta sake zuba dawa ta ci gaba:

"Mai bakin da ya kori maza a ƙofa,
Fitila ta kama, baki ya ɓace,
Ku duba kasuwa ko ya faɗi can,
Wanda ya tsinta ya kawo mata.
Dutse, kai ka gani."

Ta harare ni ta ce, a fili, kowa na ji, "Kai, ba a koya maka amshi a gidanku ba? Ni kaɗai zan yi niƙa in yi amshi?"

Wannan kuwa gaskiya ne, a wurinmu abin kunya ne mace tana waƙar niƙa ke kina tsaye baki buɗe ba ki karɓa mata ba. Tun ina goye nake jin haka. Da ta kai ƙarshen baiti na gaba, ban san lokacin da bakina ya ce "Dutse, kai ka gani" ba. Muryar ta fito siririya, tana rawa, amma ta fito. Na sake amsawa, ta ƙara kauri. Matar maigadi da ta maƙale a lungu ta kasa daurewa, ita ma ta shigo amshi.

Sai kuma zuciya ta ɗebe ni. Haba! Tsohuwar da na gama lallashi da goro yanzun nan, ita ce za ta mai da ni abin dariya a garinmu? Ai tsakanin kaka da jika ba a barin bashin tsokana ya kwana. Na yar da takardar, na kama gefen dutsen, na jira ya tafi ya dawo, na faɗa:

"Dada mai baki a Mayo Bani,
Ta zo birni ta ga kujera,
Ta zauna shiru kamar baƙuwar amarya,
Goro ma bai buɗe bakin ba.
Dutse, kai ka gani."

Dada ta saki dutse ta kwashe da dariya har tana dukan cinya. Ta ce, "Yawwa! Ashe da mutum a cikin rigar!" Matar maigadi ta rangaɗa guɗa. A bayan gilashi mai inji ya janye hannunsa daga faifai, kafaɗunsa na girgiza.

Daga nan ban ƙara tunawa da kasuwa ba. Na juya na ce, "Jama'a barkanku da yamma, wannan ƙarar da kuke ji ba akwatinku ne ya lalace ba, dutsen niƙa ne, kuma wadda ta gama wanke ni yanzu Dada ce daga Mayo Bani." Na karɓi aikin zuba mata dawa, tana niƙa ina tambaya, kamar muna tsakar gida.

Na ce, "Dada, wannan waƙar tawa yaushe kika shirya ta?"

Ta ce, "Yanzu. Da na ga takarda."

Na tambaye ta me take fara nema in za ta yi waƙa. Ta ce amshi, domin shi ne na mutane, sauran nata ne. In amshi ya yi tsawo mata ba za su riƙe ba, in ba su riƙe ba waƙar ta mutu a gidan da aka haife ta. Ta ce dutse ne yake yanka mata magana: in ya tafi ta faɗi rabi, in ya dawo ta cika, kalmar da ta ƙi shiga tsakanin tafi da dawo sai ta tsince ta ta yar kamar tsakuwa a cikin dawa, komai kyanta. Ta nuna mana yadda ɓarzar farko take son waƙa mai nauyi a hankali, in gari ya fara laushi kuma hannu ya yi sauri sai waƙar ta bi shi. Na ce to abin da za a faɗa fa, daga ina? Ta ce daga abin da ya tsaya wa mutum a wuya. Wanda ya ɓata maka rai, ko wanda ka yi kewa, ko abin da ya ba ka dariya ba ka da damar yi a gabansa. Amma ba a kama suna. A kama hular mutum, ko tafiyarsa, ko akuyarsa, shi ya san kansa.

Na ce, "To ni ai kin kama ni ƙiri-ƙiri."

Ta ce, "Kai jika ne. Jika ba shi da hula."

Ta yi mana wata ta kewar 'yarta da aka kai aure bayan duwatsu, a hankali, har na ji idona ya kawo ruwa. Muna tsakiyar wannan na ɗaga kai, sai ga manaja tsaye bayan gilashi kusa da mai inji, gumi ya jiƙa masa riga, ƙafar wandonsa har yanzu a ɗaure irin ta masu keke. Ba ya dariya. Gabana ya faɗi, amma abin mamaki muryata ba ta tafi ba. Na kai shirin ƙarshe, na yi wa Dada godiya, na yi wa jama'a sallama. Fitila ta mutu.

Ya turo ƙofa ya shigo, bai ko cire takalmi ba. Ya dubi teburin da aka ture, ya dubi makirfo a ƙasa sanye da hankici, ya dubi garin dawa da ya yi fari a tabarma da gwiwoyina. Mai inji ya fara cewa, "Ranka ya daɗe, ni dai na faɗa mata..." Manaja ya ɗaga masa hannu.

Ya ce da aka fara, 'yan kasuwa sun ɗauka akwati ne ya lalace, har wani mai tireda ya hau benci yana bubbuga shi. Shi ma haka ya zata, shi ya sa ya hau keke ya taho a guje don a kashe inji. Amma da ya ratso ta Yelwa sai ya riƙa jin abu ta bayan katangu. Gida bayan gida, mata ne suke amsawa, "Dutse, kai ka gani." A wani gidan ma, in ji shi, ya ji an jawo dutse ana niƙa tare da mu. Sai ya sauka daga keken ya riƙa turawa.

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Mako mai zuwa wa za ki kawo mana?"

Na zauna daɓas cikin gari. Wani sanyi ya ratsa ni tun daga ƙeya har tafin ƙafa, na rasa ko dariya zan yi ko kuka, sai na haɗa duka biyun. Ya juya zai fita ya ƙara da cewa, "A share ɗakin nan. Garin kuma a mayar wa matar maigadi, dawarta ce."

Da na raka Dada mota na ce mata, "Amma Dada kin iya cin mutunci. Gari duka yanzu ya san tsoro nake ji."

Ta kama hannuna ta ɗora a ƙirjinta. Zuciyarta na bugawa da ƙarfi har lokacin. Ta ce tun jiya ba ta ci abinci ba. Mutanen gidansu sun ce mata ƙarfen nan zuƙe murya yake yi ya tura ta cikin waya, wanda ya yi magana a ciki ba lalle tasa ta dawo ba, har jikokinta sun yi kuka da mota ta zo. Ta ce, "Da wuta ya kama na ce in na kalli ƙarfe zan mutu. Sai na nemi mutum. Na ga kai ma kana mutuwa. Na ce to, bari mu mutu muna waƙa."

Na yi shekaru ina wannan shirin. Na kawo masu garaya da masu goge, da mawaƙan noma, da masu shirya waƙoƙin coci, da 'yan mata masu gaɗa. Mai garayar nan da ya tafi cikin fushi ma ya dawo. Ban ƙara zaunar da mai waƙa a kujera ba sai in shi ya nema: mai waƙar noma da fartanyarsa ya shigo, mai ta daka da turminta, mai inji yana ƙunƙuni yana naɗa hankici. Sunan kuwa ya bi ni. In na shiga kasuwa sai in ji daga rumfa, "Takarda na rawa!" Ni kuma in ce, "Babu mai kiɗa!" a yi dariya a yi mini ragi. Daga baya injin niƙa ya shigo unguwanni, duwatsu suka koma bayan ɗaki, waƙoƙin suka bi su. Dada ta rasu ba mu da muryarta a faifai ko ɗaya. Abin da ya rage shi ne abin da mata suka riƙe, kamar yadda ta faɗa.

Tsoro kuwa bai taɓa barina gaba ɗaya ba, kada in yi muku ƙarya. Har ranar da na yi shirina na ƙarshe, in jar fitila ta kama sai ya taso mini. Abin da na koya a gaban dutsen nan shi ne, ɓoyon da nake yi masa ne yake shaƙe ni, ba shi kansa ba. Mako biyu ina rufa-rufa ina ɗora wa inji laifi, murya ta ƙi fita. Ranar da aka rera shi a kasuwa kowa ya ji, ban da sauran abin da zan ɓoye, sai ga baki ya dawo. Shi ya sa duk sabon yaro ko yarinya da aka kawo mini koyon aiki, in na ga takarda ta fara rawa a hannunsa, ba na cewa ya daure. Nakan kama hannunsa in ɗora a ƙirjina, in ce, "Ji nawa. To, kalle ni, mu fara."